Asalin Giyar Kirsimeti

A ƙasashen Turai da Amurka, da zarar sanyi ya kawo jiki, akwai masu jawo tukunya su dafa giyar Kirsimeti a gida, baƙa mai kauri, su zuba mata kirfa da kanumfari, su jefa gutsattsarin itacen ok a ciki. In ka tambaye su, sai su ce ai gadon kaka da kakanni ne. Da gaskiyarsu, amma ba duka ba. Abubuwa uku ne suka haɗu a tukunyar nan, kowanne da zamaninsa. Musulmi dai ya san hukuncin giya, nan labarin asalinta kawai za mu ba da.

Mafi tsufa a ciki shi ne dafa giya domin bikin tsakiyar hunturu. Mutanen Norwe na da, tun suna bautar gumaka, suna da wani biki da suke kira Yul. A taru a yi yanka, a ɗaga ƙahon giya a sha da sunan gunkinsu Odin don sarki ya yi nasara, a kuma sha da sunan Niyod da Fure don a sami albarkar gona da zaman lafiya. Ana nan sai aka yi wani sarki, Hakon Nagari, wanda ya tashi a fadar Sarki Atelistan na Ingila, ya zama Kirista a can, ya komo gida ya hau gadon sarauta wajen shekarar 934. Da ya ga ba zai iya raba mutanensa da Yul ba, sai ya yi musu dabara. Ya kafa doka cewa a riƙa yin bikin daidai lokacin da Kiristoci ke Kirsimeti, kuma kowane magidanci ya dafa giya ko ya biya tara. Sinori Situluson, marubucin Aislan, shi ya rubuta wannan labari wajen 1230.

Dokar Gulatin ta yammacin Norwe ta ƙara tsananta abin. Miji da mata su dafa giya, a daren Kirsimeti a sa mata albarka da sunan Almasihu da Maryamu. Wanda ya ƙi, ya biya bishop tara. In kuwa ya jera hunturu uku bai dafa ba, a ƙwace dukiyarsa kaf, sarki rabi, bishop rabi. Ikon Allah, ga ƙasar da rashin dafa giya ke tsiyata mutum!

Har yau a ƙauyukan Bos da Hardanga na Norwe ana samun manoma masu bin tsohuwar hanya. Da tsiron sha'ir suke yi, kamar yadda masu burkutu ke jiƙa dawa ta tsira kafin a dafa. Ruwan ma ba haka nan ake zuba shi ba, sai an tafasa shi da rassan wani ɗan itace mai ƙamshi, junifa, a kuma shimfiɗa rassan a gindin mazubi su zama matata. Yis ɗinsu na gado ne, suna kiransa kubaik. A tsoma wani zobe na katako cikin kumfar giya, a rataye shi ya bushe, sai wata dahuwar a sauko da shi. A wasu yankunan kuma, sa'ad da za a zuba yis sai mai dahuwa ya kwarma ihu cikin mazubin, wai don a kori mugayen iskoki giya ta tashi da ƙarfi.

Kayan ƙamshi daga baya suka shigo. Kafin furen hops mai ɗaci ya mamaye harkar, da ganyayen daji Turawa ke gyara giyarsu. Kirfa da kanumfari da gyaɗar ƙamshi kuwa daga Gabas mai nisa ake kawo su, da tsadar gaske, sai ranar biki ake taɓa su. A Ingila akan ɗumama giya da citta da gyaɗar ƙamshi da gasasshen tuffa, a zaga da ita cikin babban akushi. Babariya ta Jamus ba ta yarda da wannan ba: dokarta ta 1516 ta ce ruwa da sha'ir da hops kawai.

To, sai itacen ok, wanda jama'a ke ɗauka shi ne kakan al'adar, alhali shi ne ɗan auta. Gangar ok tsohuwa ce, amma mazubi ce kurum, kuma masu giya na da ba sa son ɗanɗanon katako ko kaɗan. Jamusawa har ƙaro suke narkawa su shafe cikin gangar don kada giya ta taɓa itacen. A shekarun 1990 ne kamfanin Goose Island na Shikago ya zuba baƙar giya cikin gangunan da aka tsuma barasar Amurka da ake kira boban, ta fito da ƙamshin banila da na ƙonannen katako, mutane suka yi caa a kanta. Gangunan kuwa ba su da wuyar samu, don dokar Amurka ta ce ba a tsuma boban sai a sabuwar gangar ok da aka babbake cikinta, wato ba a sake tsuma boban a gangar da aka yi amfani da ita.

Masu dafawa a gida, waɗanda dokar da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1978 ta buɗe wa ƙofa a Amurka, su ma suka bi sahu. Sai dai gangar boban na cin lita kusan 200, su kuwa dahuwarsu ba ta cika wuce lita 20 ba. Shi ya sa suke sayen gutsattsarin ok da aka gasa, su jefa a ciki na 'yan makonni, suna ɗanɗanawa lokaci-lokaci kada ɗacin katako ya rinjaya. Mai son tasa ta nuna kafin Disamba tun wajen Satumba yake hura wuta, kuma kanumfari ƙwaya-ƙwaya yake ƙirga shi, don in ya yi yawa harshe yake kashewa.