Tarihin Tukunyar Biri, Tsiron Nan Mai Cin Ƙwari

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi kuma ɗan kasuwa a Yalwan Damai, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu ta Jihar Jigawa. Bayan gaisuwa, ya ce an nuna masa hoton wani tsiro a waya mai 'ya'ya kamar buta, wai ƙwari yake ci, har da ɓera. Yana so ya ji, shin gaskiya ne? A ina yake, kuma yaya aka yi mutane suka fara shuka shi? Sa'an nan in ya sayi irinsa ya shuka a gefen gonar masara da wake, zai rage masa kuɗin maganin feshi?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya. Tsiron gaskiya ne, cin ƙwarin ma gaskiya ne. Amma kafin ka ciro ko kwabo daga aljihu, saurari tarihinsa, domin attajiran Ingila sun riga ka sha'awarsa da shekaru fiye da 140, kuma sun yi asarar dukiya mai yawa a kansa.

Sunansa a littattafan masana tsirrai Nepenthes. Mutanen ƙasar Malesiya kuwa suna ce masa tukunyar biri, mu ma da wannan suna za mu riƙa kiransa. Yawancinsa yaɗo yake yi kamar duma, yana kama itatuwa yana hawa. Abin nan da ka gani kamar buta ba 'ya'yansa ba ne, ganye ne. Bakin ganyen ne ke miƙa wani zare, ƙarshen zaren ya kumbura ya zama tukunya da murfinta a sama. A leɓen tukunyar akwai wani ruwa mai zaƙi kamar zuma, ga kuma santsi. In tururuwa ko ƙuda ya zo lasa, sai ƙafa ta zame, ya faɗa cikin ruwan da ke ƙasan tukunyar. Ruwan nan yana narkar da nama kamar yadda tumbin mutum ke narkar da abinci, tsiron kuma ya tsotse.

Me ya kai shi ga wannan sana'a? Talaucin ƙasa ne. Inda yake fitowa ruwan sama ya wanke ƙasar sarai, babu taki a cikinta. Sinadarin nan na naitirojin da kake saye cikin buhun takin yuriya, shi kuma daga jikin ƙwari yake samun nasa.

An san ire-irensa fiye da 150. Mafi yawansu suna tsibiran Borniyo da Sumatara da Filifin, can kudu maso gabashin Asiya. Akwai iri biyu a tsibirin Madagaska, ɗaya a Siri Lanka, ɗaya a arewa maso gabashin Indiya. A kan doron nahiyar Afirka kuwa, ba a san ko guda yana fitowa da kansa ba. Masu shuka shi sun kasa shi gida biyu. Akwai ɗan gangare, mai son zafi da danshi dare da rana. Akwai kuma ɗan tudu, wanda ke zaune bisa tsaunuka daga kimanin mita 1,000 zuwa sama, inda hazo ke lulluɓe daji kullum. Manyan nan masu ban mamaki da ake yawo da hotunansu, yawancinsu 'yan tudu ne, kuma su ne masu wuyar sha'ani.

Bature na farko da aka san ya rubuta labarin tsiron shi ne Etienne de Flacourt, gwamnan da Faransa ta ajiye a Madagaska, cikin littafin da ya wallafa a 1658. A shekarar 1737 masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa masa sunan Nepenthes, wanda ya ɗauko daga wani tsohon labarin Girkawa na maganin gusar da baƙin ciki. A 1789 aka kai shi da ransa lambun sarauta na Kew da ke Landan.

Matsalar wancan zamani ita ce hanya. Jirgin ruwa kan yi watanni kafin ya iso Turai daga Asiya, iskar gishiri da ƙarancin ruwan sha su kashe shukar tun a teku. Sai a 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya lura cewa tsiro na iya rayuwa cikin kwalbar da aka toshe, domin raɓar da ta tashi takan sake komawa ƙasa. Ya sa aka ƙera akwatin katako mai murfin gilashi, a 1833 ya aika da shuke-shuke a ciki har birnin Sidni na Ostareliya, suka isa lafiya. Da irin wannan akwati ne daga bisani aka kwashi dashen shayi daga ƙasar Sin zuwa Indiya, da na roba daga Kew zuwa Siri Lanka da Singafo. A 1845 kuma gwamnatin Ingila ta soke harajin gilashi. Nan fa masu kuɗi suka shiga gina ɗakunan gilashi a gidajensu, ana hura musu wutar kwal, kowa na gasar ya nuna shukar da maƙwabcinsa ba shi da ita.

A tsibirin Borniyo akwai wani tsauni mai suna Kinabalu, tsawonsa mita 4,095. Wani ma'aikacin mulkin mallaka na Ingila, Hugh Low, ya hau shi a 1851, ya sake komawa a 1858. A tafiyar 1858 ce ya samo sarkin wannan dangi. Masanin Kew, Joseph Hooker, ya sa masa suna Nepenthes rajah a 1859, don girmama James Brooke, Baturen da ya yi sarautar Sarawak, domin kalmar raja ma'anarta sarki. Tukunyar wannan iri kan ɗauki ruwa har lita 3 da rabi. Abokin tafiyar Low, watau Spenser St. John, ya rubuta a littafinsa na 1862 cewa an tarar da mataccen ɓera a cikin wata tukunyar. To ka ji asalin maganar ɓera. Yakan faru, amma jefi-jefi ne, abincinsa na kullum dai ƙananan ƙwari ne. Shi Hooker ɗin ne kuma a 1874 ya bayyana gwajin da ya yi, inda ya riƙa jefa ɗan nama da farin ƙwai cikin tukwanen yana ganin suna narkewa.

Da labari ya bazu, sai 'yan kasuwa suka shigo. Kamfanin Veitch na unguwar Chelsea a Landan, wanda ya shahara da sayar da dashen furanni, ya tura wani ma'aikacinsa Frederick Burbidge zuwa Borniyo, ya samo musu irin raja a 1878. A 1881 aka fara fitar da shi, a 1882 ya ci lambar yabo a wajen baje kolin furanni. A takardar farashin kamfanin ta 1889, dashe guda fam 2 da sule 2 ne, kuɗin da ya fi abin da leburan gona a Ingila ke samu a mako biyu. Mutane suka saya, amma tsiron ya ƙi zama. Ya zuwa 1905 kamfanin da kansa ba shi da ko guda mai rai. Na ƙarshe da ya rage a hannun mutane yana lambun Glasnevin na birnin Dablin a ƙasar Ayalan, shi ma bai daɗe ba ya bi sahu.

Me ya kashe su? Babban dalili shi ne an dubi taswira, ba a dubi tsauni ba. Borniyo ƙasar zafi ce, ɗakunan gilashin kuma an gina su ne don shuke-shuken ƙasashen zafi, wuta na ci dare da rana. 'Yan gangare sun ji daɗin haka, har wani ma'aikacin Veitch mai suna John Dominy ya yi musu aure ya fitar da sabon iri wajen 1862. Amma raja ɗan tudu ne. Ba ya fitowa ko'ina a duniya sai kan Kinabalu da maƙwabcinsa tsaunin Tambuyukon, tsakanin mita 1,500 da 2,650. Ƙa'ida ce, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6. Saboda haka ɗan tudu ya saba da rana mai ɗumi, wajen digiri 20 zuwa 25, da dare mai sanyi, wajen digiri 10 zuwa 15. In dare bai yi sanyi ba, abincin da ganye ya tara da rana sai ya ƙone a banza, tsiron ya yi ta ramewa har ya mutu. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, kwal ya yi wuya, masu kula da lambuna suka tafi fagen daga, kamfanin Veitch ma a shekarar ya rufe. Sha'awar tukunyar biri ta kwanta shekaru masu yawa.

Da ta farfaɗo bayan yaƙin duniya na biyu, musamman a Japan da Amurka da Turai, sai wata ɓarna ta biyo baya. Mutane suka riƙa hawa tsaunuka suna tumɓuke tsiron suna sayarwa a ɓoye. An mai da Kinabalu gandun gwamnati a 1964, a shekarar 2000 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya na cikinta, ta hana cinikin raja da ɗan Indiya in daga daji aka ciro su, sauran ire-iren kuwa sai da takardar izni. Abin da ya rage satar sosai shi ne dabarar hayayyafa tsiro cikin kwalba, irin wadda cibiyar IITA ta Ibadan ke yi wa doya da rogo da ayaba. Daga ƙwayar iri ɗaya sai a fitar da dashe dubbai, farashi ya faɗi. A cikin shekarun 1990 aka kafa kamfanin Borneo Exotics a Siri Lanka, ya kai 'yan tudunsa can cikin tsaunukan da ake noman shayi. Watau maimakon a tilasta wa tsiro zama inda bai saba ba, sai aka bi shi zuwa irin gidansu.

Har yanzu ana gano sababbin abubuwa game da shi. A 2007 aka samu wani ƙaton iri kan tsaunin Biktoriya na tsibirin Palawan a Filifin. A 2009 kuma masana suka bayyana cewa wani ɗan tudu mai suna Nepenthes lowii, wanda ya ci sunan Hugh Low, ya rage dogaro da ƙwari, domin can bisa tsauni ƙwarin ba su da yawa. Murfin tukunyarsa na fitar da wani farin abu mai zaƙi, sai wata 'yar dabba mai kama da kurege ta hau bakin tukunyar tana lasa, tana kashi a ciki. Wannan dai kai ka san shi, Malam. Shi ne cinikin da manomi kan yi da Bafulatani bayan kaka, a ba shanu kara da harawa, su bar wa gona taki.

Yanzu mu dawo Yalwan Damai. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ba ta wuce mita 400 zuwa 500 bisa teku ba, duwatsun yankin kuma ba su kai tsawon da zai sauya yanayi ba. Ɗan tudu abu biyu yake so a lokaci guda, sanyin dare da danshin iska. A wajenmu kuwa waɗannan biyun ba sa kwana ɗaki ɗaya. Da hunturu akwai sanyi, amma iska ta bushe har leɓe na tsagewa. Da damina akwai danshi, amma dare ba sanyi. Da bazara kuwa zafi kan haura digiri 40. Bayan haka ba ya shan ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri, sai ruwan sama. Ba ya son ƙasar gona, a cikin gansakuka ko ɓawon kwakwa ake dasa shi. In ka barbaɗa masa takin zamani yadda kake yi wa masara, saiwarsa ce za ta ƙone. Abincin wani, gubar wani. Masu ajiye shi a ƙasashen zafi sai sun tanadi na'urar sanyaya ɗaki da wutar lantarki wadda ba ta yankewa.

Maganar iri kuma, a kula. Kamar dabino yake, akwai namiji akwai mace, sai an haɗa su ake samun iri mai fitowa. Irin siriri ne kamar zare, ba ya daɗewa yake mutuwa, raja kuma kan yi kusan shekara 10 kafin ya yi fure. Duk wanda ya turo maka hoto a Facebook ya ce aiko kuɗi a ba ka iri a leda, to riƙe kuɗinka.

Ko da ya rayu ma, ba zai tsare gona ba. Shi ba ya farauta, jira yake yi, wanda ya zo lasar zaƙi shi yake kamawa, yawanci tururuwa da ƙuda. Tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Nijeriya a 2016 tana can cikin kunnen masara, ba ruwanta da tukunya. Darɓa kuwa shi kansa tsiron takan kama shi. Don maganin ƙwarin gona, tuntuɓi malamin gona na hukumar JARDA da ke yankinku, ka kuma riƙa zagaya gona da sassafe don ka ga tsutsa tun tana ƙarama.

Darasin da Turawan can suka saya da tsada, manomanmu sun daɗe da saninsa. Dankalin Turawa ya fi yin kyau a tudun Jos, mai tsawon kimanin mita 1,200. Shayi ana nomansa a Kakara, kan tsaunin Mambila na Jihar Taraba. Alkama kuwa a Kadawa da kwarin Haɗeja ana shuka ta ne wajen watan Nuwamba don ta riski sanyin hunturu, wanda ya makara zafin Maris ya ci masa amfani. Saboda haka duk sabon irin da aka kawo maka kasuwa, ko na tumatir ne ko na masara ko dashen itace, ka fara tambayar inda ya fito, tudu ne ko gangare, da irin sanyi da ruwan da ya saba da su. In mai sayarwa ya kasa amsawa, gwada kunya biyu tukuna kafin ka ba shi gona.

Da fatan mai tambaya da sauran masu sauraro sun gamsu. Sai a ci gaba da aiko mana da takardu, a kuma rubuta sunan gari da ƙaramar hukuma sosai yadda za su karantu. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa.