Ɗumamar yanayi

ɗumamar yanayi (suna, mace). Ƙaruwar zafin duniya sannu a hankali saboda hayaƙin fetur, kwal da iskar gas da ake ƙonawa, wanda ke taruwa a sama ya tare zafi kamar an lulluɓa wa ƙasa bargo. Wasu kan ce sauyin yanayi, amma wannan ya fi faɗi, don ya haɗa da rikicewar damina.

Manomi ya fi kowa saninta. Ruwa ya sauka, ya shuka gero, sai sama ta ɗauke mako uku, tsiro ya ƙone. Can a watan Agusta kuma a tafka ruwan dare ɗaya da zai kwantar da katangar laka. Abin takaici, hayaƙin Afirka gaba ɗaya bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba.

A yarjejeniyar Paris ta 2015, ƙasashe sun amince su yi ƙoƙarin tsayar da ƙarin zafin a digiri 1.5. Manoman Maraɗi da Damagaram kuwa tuni suka koma rainon tohon gawo a gonakinsu maimakon sassabe shi.

Misali: Ɗumamar yanayi ta sa tsofaffi sun kasa kintatar ranar shuka.