Rediyo da Waya a Bakin Iyakar Bagudo

Duk wanda ya taɓa kwana a Tsamiya ko Lolo, a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, ya san wannan lamari. Kana zaune a ƙofar gida, sandar sabis ɗaya ce tal a wayarka, sai saƙo ya shigo yana yi maka maraba da zuwa Jamhuriyar Benin, alhali ko takalmi ba ka sa ba. Wayar ta bar turken gida ta kama na maƙwabta, in ka kuskura ka yi kira a haka, kuɗin baƙo za a caje ka. A gefe kuwa ga baba a kan tabarma da akwatin rediyonsa mai batir biyu, yana jin labaran ƙarfe takwas da rabi daga Landan raɗau. Mu da muka tashi tsakanin waɗannan na'urori biyu mun sha tambayar kanmu: me ya sa tsohon abu ke kamo murya daga wata uwa duniya, sabon kuwa ya kasa kaiwa Birnin Kebbi?

Amsar ta faro ne daga ita kanta iyakar. A ranar 14 ga Yunin 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar da ta raba ƙasar Bargu gida biyu. Layin ya taɓa kogin Kwara a mil 10 sama da mashigin Illo. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Dangi ɗaya na Dandawa da Kyangawa da Fulani da Hausawa suka wayi gari a ƙasashe biyu, ɗayar ita ce Dahomi, wadda ta koma Benin a 1975. Kwale-kwale da jakai ba su daina tsallaka layin ba, kuma da rediyo ya zo, shi ma bai san da zamansa ba.

Sashen Hausa na BBC ya soma watsa shiri a ranar 13 ga Maris 1957, da minti 15 kacal, a bakin Aminu Abdullahi Malumfashi. Gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus ta soma Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa kuma a 2007. Zuwan ƙaramin rediyo mai batir, wanda makiyayi zai rataya a kafaɗa, masunci ya ajiye a kwale-kwale, shi ya shigar da waɗannan muryoyi ƙauyukan da ba su taɓa ganin wutar lantarki ba.

Sirrin yana cikin zango. A can sama akwai wani rufin iska da hasken rana ke cajawa. Saƙon gajeren zango yakan tashi ya bugi wannan rufi ya dawo ƙasa a nesa, kamar ƙwallon da aka buga wa bango. Tun 1966 BBC ke da tashar tura shiri a tsibirin Asenshon da ke tsakiyar tekun Atlantika, kusan kilomita 3,000 daga Bagudo, da injuna masu ƙarfin kilowat 250. Matsakaicin zango kuwa da dare yake yin nisa, domin ɓangaren rufin da ke shanye shi da rana yakan baje bayan faɗuwarta. Shi ya sa iyayenmu suka san tashar da ba ta kamuwa da azahar za ta fito bayan isha'i, suka kuma haddace mita 19 da 25 da 41 kamar sunayen 'ya'yansu.

Waya kuma daga baya ta zo. Kafin 2001 layukan tarho a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. A Janairun shekarar aka yi gwanjon lasisin wayar salula kan dala miliyan 285 kowanne, a Agusta Econet da MTN suka soma aiki, Glo ta biyo baya a 2003. Manyan birane aka fara kafa wa turaku, garuruwan bakin iyaka suka jira layi. Da yawanmu mun tuna lokacin da a kowane ƙauye akwai sanannen tudu ko bishiya inda ake zuwa neman sabis.

Ba lalacewar wayar ba ce, haka aikinta yake. Rediyo saurare kawai yake yi, ita kuwa waya dole ta mayar da magana. Ƙarfin da take aika saƙo da shi bai wuce wat 2 ba, a kan zangon da ba ya dawowa daga sama, sai dai ya tafi kai tsaye, tudu da gini da duhuwar itatuwa suna rage shi. A tsarin GSM na asali, turke ba ya iya hulɗa da wayar da ta yi masa nisan fiye da kilomita 35, kuma a zahiri ba kasafai ake kaiwa haka ba. Ga shi kowane turke yana da lasisin ƙasa ɗaya, yana buƙatar janareto da mai da mai gadi. Layin da aka zana a 1898, wanda rediyo ya yi shekaru yana tsallakewa, sai ga shi ya dawo cikin aljihunmu da lambobin 234 da 229.

An ga nauyin wannan bambanci a 'yan shekarun nan. A Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, har kamfanonin sadarwa suka koka kan yadda za su kai mai turakunsu. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a duk Jihar Zamfara da wasu sassan Sakkwato da Katsina da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga. Takarda ɗaya ta isa ta mayar da waya fitilar hannu. A makonnin nan mutane sun koma ga rediyo don jin halin da ake ciki, amma rediyo bai iya kira musu ɗan'uwa ko tura musu kuɗin cefane ba.

Shi ma rediyon ba gagara-badau ba ne. Nijar ta dakatar da Rediyon Faransa a Agustan 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, aka rufe su a tashoshin FM, waɗanda su ma gajeren hannu gare su kamar turken waya. A Maris 2025 Muryar Amurka ta yi shiru, ba don wata matsalar zango ba, sai don umarnin da ya fito daga Washington. Muryar da ke zuwa daga nesa, mai ita na iya ɗauke ta ranar da ya ga dama.

Saboda haka ba mu ganin wannan a matsayin gasar tsoho da yaro. Waya ta ba mu baki, abin da rediyo bai taɓa ba kakanninmu ba: mai shinkafa a Illo yakan ji farashin Jega kafin ya ɗaure buhu, mai naƙuda takan samu abin hawa da tsakar dare. Rediyo kuwa kunne ne da ba ya jiran kati ko data ko turke. Galibin ƙananan wayoyinmu ma suna da rediyon FM a ciki, igiyar abin sa wa a kunne ita ce eriyarsa.

Kada a yar da kwari don an ga damisa ta yi barci. Mutumin bakin iyaka ya fi kowa sanin cewa hanya ɗaya ba ta isar matafiyi. In za mu saya wa baba sabuwar waya, mu haɗa masa da batir biyu, mu kuma tambaye shi a mita nawa yake kamo Kaduna, mu rubuta mu ajiye.