Ciwon Baya a Jibiya: Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Haɗe Ƙashi

Ciwon baya ya daɗe a Jibiya, domin gari ne da jama'a da yawa ke cin abinci da ɗaukar kaya. Hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta nan ta bi, ta Magama ta faɗa Ɗan Isa a Nijar, kuma buhunan gero da wake da ke tsallake iyaka, kafin su hau mota sai sun hau bayan ɗan dako.

Tun kafin zuwan asibiti, masu sana'a biyu ne ke kula da mai wannan ciwo. Wanzami yakan kafa ƙaho a ƙugu, ya yi tsaga, ya zuƙe abin da ake kira mataccen jini. Maɗori kuwa gadon sana'ar yake yi, har akwai sarautar Sarkin Ɗori a garuruwan Hausa. Yakan ja hannu ko ƙafar da ta karye, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure, kuma sau da yawa ƙashin ya kama. Sai dai ƙashin baya ya fi ƙarfin karare. Gaɓoɓi ne a jere, laka da jijiyoyi na ratsa tsakiyarsu, kuma jan da aka yi ba daidai ba yana iya shanye ƙafafun mutum.

Dabarar haɗe gaɓoɓin baya ta tiyata ta fito ne a 1911 a birnin New York na Amurka, a hannun likitoci biyu, Russell Hibbs da Fred Albee. Abin lura shi ne ba don ciwon baya na yau da kullum suka ƙirƙiro ta ba, sai don tarin fuka da ke cin ƙashin baya har ya fitar da ƙusumbi. Albee yakan yanko ƙashi daga ƙwaurin majinyaci ya dasa a bayansa, gaɓoɓin su manne su zama guda. Daga baya Ralph Cloward ya yaɗa hanyar shiga ta baya a cire guringuntsin da ke tsakanin gaɓa biyu, a cike gurbin da ƙashi. A 1956 Hodgson da Stock na Hong Kong suka bayyana shiga ta gaba, inda ake isa ga ruɓaɓɓen ƙashi kai tsaye. Raymond Roy-Camille na Faransa shi ya shahara da ɗaura kusoshin ƙarfe a jikin gaɓoɓin don su riƙe har ƙashi ya kama.

A Arewa, Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a Kano a 1959 ya zama madogara, kuma har yau mai buƙatar irin wannan aiki daga Jibiya yakan bi ta asibitocin Katsina ne kafin a tura shi Kano.

Aikin yana da amfani ƙwarai idan gaɓa ta zame, ko ta karye, ko tarin fuka ya cinye ta. Amma ga ciwon ƙugu da ba a gano takamaiman tushensa ba, gwaje-gwajen da aka yi a Ingila da Norway sun nuna bai fi motsa jiki da gashin ƙashi na tsanaki da wani abin kirki ba. Ga ɗan dako wannan magana ce babba: gaɓar da aka haɗe ba ta sake lanƙwasawa, nauyin buhu kuma yakan koma kan gaɓoɓin da ke sama da ƙasa da ita, su riƙa lalacewa da wuri.