Barkwancin da ya girgiza Masko a 1984

Dattawanmu kan ce magana zarar bunu ce. Ranar 11 ga Agusta, 1984, shugaban Amurka Ronald Reagan yana gonarsa a jihar Kalifoniya, ana shirin jawabin da yakan yi wa ƙasa ta rediyo kowane mako. Aka nemi ya ce wani abu don a gwada na'urar ɗaukar murya. Sai ya ce wai ya sa hannu a dokar da ta haramta Rasha har abada, kuma nan da minti biyar za a fara ruwan bama-bamai. Ma'aikata suka yi dariya. Ba a watsa maganar ba, amma an naɗe ta, kafin a jima kuma ta fita duniya.

Mu da muka tashi cikin wasan taubasai mun san sharaɗin raha. Bafillace da Babarbare sukan yi wa juna ba'ar da ko maƙiyi ba zai furta ba, a rabu ana dariya, domin akwai amana a ƙarƙashinta. Ita ce babu tsakanin Washington da Masko a lokacin. A watan Maris na 1983 Reagan ya kira Tarayyar Sobiyat daular sharri. Ranar 1 ga Satumba sojojin Sobiyat suka harbo jirgin fasinja na Koriya ta Kudu, rayuka 269 suka salwanta. Kafin shekarar ta ƙare Amurka ta fara girke makamai masu linzami ƙirar Pershing II a Jamus ta Yamma, waɗanda mintuna kaɗan suka ishe su isa ƙasar Sobiyat. Wanda aka auna da irin wannan makami, in ya ji an ambaci minti biyar, lissafi zai kama yi. Kamfanin dillancin labaru na TASS ya yi tir da maganar, ya ɗauke ta shaidar ƙiyayya. A ganinmu ba su yi azarɓaɓi ba.

Abin mamaki, mutumin bai bar raha ba. Bayan ya fara ganawa da Mikhail Gorbachev a Janiba cikin Nuwamba 1985, shi da kansa ya ba da labarin cewa ya yi masa wani barkwanci kan 'yancin faɗin albarkacin baki a Rasha, Gorbachev ya dara. A Disamba 1987 su biyun suka sa hannu kan yarjejeniyar kawar da makamai masu matsakaicin zango, har da Pershing ɗin nan.