Sake Shirya Ma'adanar Bayanai ta Dashbod ɗin Mota

Ma'adanar bayanai ta dashbod wani ɗan ƙaramin cif ne mai suna EEPROM da ke maƙale a bayan mitocin gaban direba. Galibi ƙafafu takwas gare shi, kuma girmansa bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ko an cire batir, abin da ke cikinsa ba ya gogewa. A nan ake ajiye nisan tafiyar da mota ta yi, da lambar shasi, wani lokaci har da bayanan makulli. Sanannun nau'o'insa sun haɗa da 93C46 da 93C66.

Mai gyara kan cire cif ɗin da ƙarfen solda, ko ya kama ƙafafunsa da ɗan matsi, ya haɗa shi da kwamfuta, ya kwafi ainihin bayanan kafin ya taɓa komai. Wannan kwafi shi ne ginshiƙin aikin, domin kuskure ɗaya yana iya hana mota tashi. Akan sake shirya cif ɗin ne idan dashbod ya ƙone, ko za a mayar da mil zuwa kilomita.

Sai dai ta wannan hanya ce macuta ke rage lissafin tafiya don tsohuwar mota ta yi tsada, abin da ya kamata masu sayen motocin Kwatano su kiyaye. Amurka ta haramta wannan ha'inci tun 1972, Jamus kuma ta mai da shi laifi a 2005. Don daƙile wannan ha'inci, kamfanin BMW ya yi amfani da cif M35080, wanda aka ƙera lissafinsa ya riƙa hawa kawai, ba ya komawa baya.