Gishiri a Tukunyar Iyali: Abin da Bincike Ya Nuna

Jiki yana bukatar gishiri, amma ɗan kaɗan. Sinadarin da ke cikinsa, wato sodiyam, shi ne ke taimakon jijiyoyi su yi aiki, yana kuma daidaita ruwan jiki. Idan ya yi yawa sai jiki ya riƙe ruwa, jini ya ƙaru a cikin hanyoyinsa, zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi fiye da kima. Daga nan hawan jini yake farawa, shi kuma yakan kai ga shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya da lalacewar ƙoda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗe da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Yara kuwa ƙasa da haka. Amma ƙiyasin hukumar ya nuna mutanen duniya suna cin fiye da ninki biyu na wannan.

Ba a zauna kawai aka yanke wannan adadi ba. A 1988 aka buga sakamakon binciken Intersalt, wanda ya auna mutum fiye da 10,000 a ƙasashe 32. A cikinsu akwai ƙabilar Yanomami ta dajin Barazil, waɗanda kusan ba sa cin gishiri. Jininsu ba ya hawa ko da sun tsufa. Sai dai wani zai ce ai rayuwarsu gaba ɗaya dabam take da tamu, kuma ya yi gaskiya. Shi ya sa gwajin da aka buga a Amurka a 2001 ya fi ƙarfin hujja. An ɗauki mutum 412, ana dafa musu abinci ana auna gishirinsa, kowa ya yi kwana 30 a kan mai yawa, 30 a kan matsakaici, 30 a kan kaɗan. Duk sa'ad da aka rage gishiri, jini ya sauka. Waɗanda suka fi amfana su ne masu hawan jini da suka haɗa rage gishirin da cin ganye da 'ya'yan itace: lambar sama ta awon jininsu ta ragu da wajen 11.

Gwajin da ya fi kama da halinmu an yi shi ne a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, inda ake girki a gida kamar yadda muke yi, aka buga shi a 2021. Mutum kusan 21,000 suka shiga, tsofaffi masu hawan jini da waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki. An ba rabin ƙauyukan gishirin da aka maye kashi ɗaya cikin huɗu nasa da sinadarin fotasiyam. Bayan kusan shekara biyar, shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a cikinsu, mutuwa kuma da kashi 12. Abin da aka canja shi ne abin da ke shiga tukunya kawai. Irin wannan gishiri bai dace da mai ciwon ƙoda ba, sai da izinin likita.

To, daga ina namu yake shigowa? Uwargida za ta ce ita ɗan barbaɗe kawai take yi, kuma wataƙila haka ne. Amma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, wani ma ya fi. Ƙaramin dunƙule mai giram 4 yana ɗauke da wajen giram 2, saboda haka miyar da aka jefa wa biyar ta riga ta sha giram 10 kafin a taɓa kwanon gishiri. Gida mai mutum shida kuwa, iyakarsa a yini duka bai kai giram 30 ba. A ƙara da yajin tsire, kilishi, burodi, kifin gwangwani, da ƙullin ɗanɗanon da ke cikin taliyar yara. A girkin taro, na biki ko na zumuntar mata, inda kowa ke so a yaba hannunsa, abin yakan fi haka.

Sai kanwa, wadda mutane da yawa ba sa lissafa ta domin ba ta da ɗanɗanon gishiri. Ita ma sodiyam ce cike da ita. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan mata masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta hakan da shan kunun kanwa mai yawa tare da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilai kuma, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam. Duk da haka, mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko numfashi yake yi mata wuya, asibiti za a kai ta, ba ƙarin kunu ba.

A ganina kuskuren da aka fi yi a gidajenmu shi ne a ware wa Baba tukunyarsa marar gishiri bayan likita ya yi magana, sauran gida su ci gaba yadda suka saba. Da wuya ya jure, ga ƙamshin miyar kowa a gabansa. Yaran kuma suna tasowa da harshen da ya saba da gishiri mai yawa. Ya fi sauƙi a rage wa gida duka, sannu a hankali: a cire dunƙule ɗaya wannan mako, wani bayan mako biyu. Harshe yakan saba cikin wata biyu zuwa uku, har tsohon girkin ya koma yi wa mutum zartsi. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro da kimba suna cike gurbin. Wake, zogale, alayyafo, kabewa, dankali da ayaba suna da fotasiyam, wanda ke taimaka wa jini ya sauka. Jaririn da bai cika shekara ba, kada a sa wa abincinsa gishiri ko dunƙule.

Ɗan gishirin da za a yi amfani da shi ya zama mai sinadarin aidin, wanda ke hana maƙoƙo kuma ƙwaƙwalwar yaro ke bukata. Tun 1993 doka ta wajabta sa shi a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya. Hawan jini kuwa yawanci ba ya ba da alama, sai an auna. Wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 ko fiye a lokuta dabam-dabam ya ga ma'aikacin lafiya, wanda kuma aka riga aka ɗora a kan magani kada ya daina sha don ya rage gishiri.